LAFIYA UWAR JIKI: Miƙa da numfashi ga manoman bakin Bahar

 

A wannan fitowa za mu karkata akala zuwa gabas, wajen 'yan'uwanmu Hausawan Sudan da ke zaune a garuruwa da ƙauyukan da suka yi jere a gaɓar Shuɗin Nilu, kogin da can ake kira Bahar Azrak, tun daga gonakin Jazira, a biyo ta Sannar da Mai Wurno da Sinja, har a dangana da Damazin da Rusairis. Maganar da muka ɗauko kuwa ita ce ta wannan motsa jiki na mutanen Indiya da ake kira yoga. Mun sani da jin sunan wasu za su ɗaure fuska, wasu kuma su yi murmushi su ce me ya haɗa kifi da kaska. Muna roƙon a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, domin abin da ya shafi ƙugun manomin Sinja shi ne ya shafi na manomin Maraɗi da na Katsina.

Bari mu fara da jikin da ake magana a kansa. Kakannin waɗannan bayin Allah da ƙafa suka je inda suke. Wasu niyyar aikin Hajji ce ta fitar da su daga gida, suka yi shekaru a hanya suna yada zango suna noma don samun guzuri, har zangon ya zama gari. Wasu kuma hijira suka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Bahar, aka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sannar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe gandun auduga na Jazira, ƙarfin damtsen mutanenmu na cikin abin da ya ɗauki nauyin wannan gandu. Su ne a shuka, su ne a cirar ciyawa, su ne a cirar auduga, su ne a yasar magudanan ruwa. Jikokinsu suka gaji wannan, suka ƙara da yankan riɗi da dawa a manyan gonakin damina na Dali da Mazmum, da aikin lambunan ayaba da mangwaro na kewayen Sinja, da jan koma a kogi. Matan kuma ga su a duƙe kan 'yar kujerar nan gajeriya da ake kira bambar, gaban faranti mai zafi na yin kisra, ko gaban kaskon suya da tukunyar shayi a bakin kasuwa.

Duk wanda ya dubi waɗannan ayyuka zai ga abu guda ya haɗa su: dukkansu a sunkuye ake yin su. Nan ne amsar tambayar da aka fi yi mana, wato mutumin da ya yini riƙe da fartanya, wane motsa jiki kuma yake nema? Gaskiya ne manomi ba ya cikin masu zaman kashe wando, zuciyarsa da huhunsa suna samun rabonsu na aiki. To amma aikin gona gefe guda yake lanƙwasa jiki, yau da gobe, shekara talatin ko arba'in. Tsokar gaban cinya da ta ƙirji sai su ɗaure su gajarce, ta baya da ta ɗuwawu su saki, ƙashin baya ya saba da lanƙwasa gaba ya manta da komawa baya. Icen da iska ta daɗe tana kaɗawa ta fuska guda, ko iskar ta tsaya a karkace yake zama. Shi ya sa za ka ga dattijo mai ƙarfin ɗaukar buhun dawa, amma ɗaga hannuwansa sama su miƙe sosai ya gagare shi, juya wuya ya dubi bayansa sai ya juya da jikinsa duka.

A kan wannan tsohuwar gajiya sai ga sabuwar jarrabawa. A 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasa da dakarun Da'amus Sari'. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun a Disamba 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yuni 2024, jama'a suka fantsama cikin damina zuwa Gadarif da Damazin da sauran wurare, da yawa da ƙafa, kamar yadda kakanninsu suka zo. Soja sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Madani kuma a Janairu 2025, mutane suka fara komawa. Wanda ya yi watanni a ajin makaranta ko ƙarƙashin tanti, ba gona ba kasuwa, yana kwana a ƙasa cikin cunkoso da fargaba, ba da jikin da ya tafi da shi yake dawowa ba. Tsoka tana zubewa da sauri idan aka daina mora ta, musamman ga wanda ya manyanta. Ga masu hawan jini da ciwon sukari da maganinsu ya yanke, ga barcin da ya ƙaurace wa ido, ga zuciyar da ke bugawa da ƙarar rufe ƙofa. Idan aka dawo gona da irin wannan jiki aka ce a ɗora daga inda aka tsaya, baya ne ke fara kai ƙara.

To mene ne yoga, kuma me ke cikinta da zai amfani wannan bawan Allah? Kalmar daga tsohon harshen Indiya na Sanskirit take, asalinta kuwa ɗaurawa ko haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya. A tsohon zamani hanya ce ta horar da rai a addinan Indiya, kuma littafin da aka fi jingina ta da shi na wani malami ne mai suna Patanjali. Malaman Musulunci ba jiya suka san da shi ba, domin Abu Raihan al-Biruni ya juya shi zuwa Larabci tun a ƙarni na 11, don ya san abin da mutanen Hindu suka yi imani da shi. Amma yogar da ake gani yau a talabijin da wayoyin hannu, ta jerin miƙe-miƙe da lanƙwashe-lanƙwashe, yawancinta a ƙarni na 20 aka tsara ta. Wani malami mai suna Kirishnamacariya ya koyar da ita a fadar sarkin Maisur a shekarun 1930, almajiransa irin su Iyenga suka yaɗa ta zuwa Turai da Amurka, kuma masana tarihi sun nuna cewa ta ɗebi abubuwa daga atisayen motsa jiki na Turawa na wancan lokaci. A Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni na kowace shekara a matsayin ranar yoga.

Ba za mu tsallake tambayar da ke ran kowane magidanci Musulmi ba. A cikin abin da ake kira yoga akwai motsa gaɓoɓi, akwai sarrafa numfashi, akwai kuma abin da ibada ce tsantsa ta wani addini: maimaita kalmomin bauta, da jerin motsin da sunansa ma gaisuwa ga rana, da aƙidar narkewar rai cikin abin bauta. Wannan kashi na uku ba namu ba ne, ba kuma ma buƙatarsa. A Nuwamba 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda waɗannan abubuwa, har firaministan lokacin, Abdullahi Badawi, ya fito ya bayyana cewa wanda zai motsa jiki kawai ba tare da kalmomin bautar ba yana iya ci gaba. A Janairu 2009 majalisar malaman Indunusiya ta yi irin wannan rarrabewa: ta haramta mai haɗe da bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuma ta amince da ita cikin wasannin motsa jiki a 2017. Mu dai ba masu ba da fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Ra'ayinmu shi ne miƙa hannu da jan numfashi ba mallakar wata al'umma ba ne, kyanwa ma tana miƙa in ta tashi barci. Wanda sunan yoga ya tsaya masa a rai, ya jefar da sunan ya kira abin miƙa, ba abin da zai ragu daga amfaninsa.

Amfanin kuwa gwargwado ne, kuma gara mu faɗe shi yadda yake, domin masu tallar yoga sun cika zuzutawa, har su ce tana warkar da kowace cuta. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne ciwon baya mai daɗewa, wanda ya wuce wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke nakasa mutane su kasa aiki. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba ga irin wannan ciwo, ta lissafa yoga a cikinsu. A wannan shekarar aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Boston kan mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi: wasu aka sa su ajin yoga sau ɗaya a mako har mako 12, wasu aka tura su wajen likitan gashin ƙashi, aka tarar sauƙin da kashi biyun suka samu ya yi kusa da juna. Masu tattara bincike-bincike na Kokren kuma sun ce yoga ta fi zama haka nan, ko da yake fifikon ba mai yawa ba ne, sannan ba ta fi sauran nau'o'in motsa baya da wani abin kirki ba. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi yi mana daɗi, don ta nuna sirrin yana cikin motsin da kuma dawwama a kansa. Ga ƙauyen da babu likitan gashin ƙashi ko a garin da ke kusa, abin da ake yi kan tabarma ba ko sisi ba ƙaramin abu ba ne.

A gwada shi da abin da aka saba. Baya ya riƙe, a aika yaro kanti ya sayo ƙwayar kashe zafi, a sha yau a sha gobe har ta zama kamar goro. Irin su diklofenak idan aka daɗe ana sha suna cin bangon ciki, suna taɓa ƙoda, suna kuma ɗaga hawan jini. Tiramol kuwa, da 'yan ƙwadago suka mayar abokin aiki, kowa ya ga inda ta kai samarinmu. A jagorar da ta fitar a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa ba masu daɗaɗɗen ciwon baya magungunan dangin tiramol, ta ce ɗamarar baya da ake sayarwa ma ba abin dogaro ba ce, ta ƙarfafa motsa jiki mai tsari. Tsohuwar shawarar nan ta a kwanta a huta har baya ya warke ita ma likitoci sun bar ta, domin doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi.

Sai numfashi, wanda a ganinmu shi ne abin da waɗanda suka ga tashin hankali suka fi buƙata. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Mai firgici nasa gajere ne, daga saman ƙirji, kamar wanda ake bi a guje, kuma jiki yana iya zama cikin wannan hali ko bayan haɗarin ya wuce. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuciya da huhu da ciki, likitoci na kiranta bagus, aikinta kamar linzami ne ga bugun zuciya. Duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi a hankali, wannan linzami yana ɗan jan zuciya ta lafa. Idan aka rage numfashi zuwa wajen sau 6 a minti, aka sa fitarwa ta fi shaƙa tsawo, bugun zuciya yana sauka, hawan jini ma yana ɗan sassautawa. Mun ce ɗan sassautawa, a riƙe wannan da kyau. Wanda likita ya ɗora kan maganin hawan jini ko na sukari kada ya kuskura ya ajiye shi don ya fara miƙa. Ya nemi maganinsa, ya rage gishiri, ya kuma dubi yawan cokalin sukarin da ke shiga kofin shayi da jabana, wanda a Sudan ba a yi masa rowa. Haka wanda mugun mafarki ya hana shi barci wata da watanni, ko ya daina magana da iyalinsa, ko yaron da ya koma fitsarin kwance bayan gudun hijira, numfashi taimako ne kawai, suna buƙatar a zauna da su a saurare su, a kai su ga ma'aikacin lafiya.

Akwai masu cewa ai salla ta ishe mu motsa jiki. Salla ibada ce, ba don ƙugu aka farlanta ta ba, kuma ba ma son a mayar da ita atisaye ko da a baki. In ma an lissafa motsin da ke cikin raka'a 17 na yini, mintoci kaɗan ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2, tsofaffi kuma su ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana 3 saboda gudun faɗuwa. Mu juya maganar ta ɗaya fuskar: a dubi yadda kujeru ke ƙaruwa a sahun masallatanmu. Shari'a ta yi rangwame ga wanda ya kasa, babu laifi a kansa. Amma duk wanda ya zauna da dattijon da ya koma salla a kujera ya san yadda yake kewar sa goshinsa a ƙasa. Gwiwa da ƙugu da idon sawu da ake motsawa kullum sun fi daɗewa suna lanƙwasuwa, cinyar da ke da ƙarfi ita ke tayar da mutum daga sujada ba tare da ya dafa bango ba.

Yadda za a yi ba shi da wuya, minti 15 zuwa 20 ya isa. A shimfiɗa tabarma a ƙasa, kada a yi a kan angarib, don igiyarsa tana lotsawa. Lokacin da ya fi shi ne bayan hantsi ya ɗan ɗaga kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar, ciki ba a cike ba. A watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a nemi inuwa a ajiye ruwa kusa. A fara da kwanciya rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji a riƙe ta har a yi numfashi 5, a sake ta a jawo ɗayar. Daga nan, tafin ƙafa a ƙasa gwiwoyi a tsaye, a ɗaga ɗuwawu sama a hankali a sauke, kamar sau 8. Wannan shi ke farfaɗo da tsokar da sunkuyo ya kashe. Sai a juya a durƙusa kan hannuwa da gwiwoyi, a gantsare baya sama irin na kyanwa yayin fitar da numfashi, a sake shi ya lotsa yayin shaƙa. Wanda ya fi muhimmanci ga mai aikin sunkuyo shi ne na gaba: a kwanta rubda ciki, a dogara kan gwiwar hannu, a ɗaga ƙirji a bar ƙugu a ƙasa, a zauna haka ana numfashi. Wannan shi ne mayar da baya ta fuskar da aikin yini bai taɓa kai shi ba. Ko a tsakiyar gona ana iya yin ɗan'uwansa a tsaye, a dafa ƙugu da hannu biyu a ɗan gantsara baya sau 5 duk bayan an kai ƙarshen kunya.

Ga iyayenmu tsofaffi, abu biyu sun fi duk waɗannan. Na farko a zauna a kujera a miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, sau 10, in ya yi sauƙi a koma kujerar da ta fi gajarta, har wata rana a iya daga kan bambar. Na biyu a tsaya kusa da bango, yatsu na taɓa shi, a ɗaga ƙafa ɗaya a ƙirga 10, a sauya. Karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi, kuma faɗuwa ɗaya a bakin rijiya ko a makewayi ke jawo ta. A rufe da zama ko kwanciya, hannu a kan ciki, a shaƙa ta hanci ana ƙirga 4 har ciki ya taso, a fitar ana ƙirga 6, na minti 5. Mai fama da rashin barci ya maimaita wannan in ya kwanta da dare.

Mata ba sa buƙatar fita ko'ina ko sayen wata sutura, tsakar gida da zane ko doguwar riga sun wadatar, kuma in uwar gida ta jawo kishiya ko maƙwabciya ko 'ya'yanta mata suka yi tare, an fi jurewa. Hotunan da ake gani a waya na masu tsayuwa a kan kai ko naɗe ƙafa a wuya, a bar wa masu su. Mai hawan jinin ido da mai hawan jinin da bai daidaita ba kada su yi duk wani motsi da zai sa kai ya koma ƙasa da ƙirji na tsawon lokaci. Mai juna biyu ta bar kwanciya rubda ciki, ta kuma shawarci ungozoma. Mai gwaiwa da wanda aka yi wa aiki kwanan nan su jira izinin likita. Jin jan tsoka daidai ne, amma zafi mai suka ko wanda ke harbawa zuwa ƙafa alama ce ta a tsaya.

Akwai kuma ciwon bayan da ba na tabarma ba ne sam, kuma a ƙasar magudanan ruwa irin Jazira dole a san shi. Idan ciwon ya zo da jini a fitsari, a tuna da tsargiya, wadda ta daɗe da zama a ruwan magudanan nan, ko kuma ciwon ƙoda. Idan ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da gumin dare, musamman ga mai kiwo ko mai shan madarar da ba a tafasa ba, a nemi gwajin cutar da a Sudan ake ce wa maltiyya. Idan mutum yana ramewa, ciwon yana tashinsa cikin dare, ko wani ƙullutu ya fito a gadon baya, tarin tibi yana kama ƙashin baya, kuma yana da magani in an gano shi da wuri. Idan kuwa ƙafafu suka fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa ko suka ƙi fita, wannan ba ya jiran gobe, a nemi mota a nufi asibitin Sinja ko na Sannar ko Madani a ranar.